Yadda Ake Auna Jawabin Matashin da Ya Jagoranci Aikin Unguwa a Zangon Kumasi

A Aboabo da Asawase da Sabon Zongo da Tafo, unguwannin Kumasi a ƙasar Gana, ƙungiyoyin matasa da makarantun Islamiyya sun saba ɗora wa yaro ko yarinya jagorancin wani aiki. Wani a ba shi yashe kwata kafin damina, wata a ba ta karatun yamma na yara masu shirin jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare, wani kuma tara kuɗin gyaran famfon alwala na masallaci. In aiki ya kammala sai a kafa rumfa, a jera kujerun roba, a ce ya tashi ya yi wa jama'a bayani. Daga nan sai a waiwayi wani malamin makaranta ko wani dattijo a ce, "Malam, kai za ka auna mana jawabin." Wannan jagora ta wanda aka waiwaya ɗin ce.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, yawancin awon da muke yi ba ya wuce "Masha Allah, ka yi ƙoƙari, Allah ya ƙara basira." Addu'a ce mai kyau, kowa yana sonta, amma yaron zai koma gida bai san abin da zai gyara ba. Shi ne kuma gobe zai tsaya gaban majalisar gundumar Asokore Mampong, ko gaban jami'an Asusun Raya Zanguna da aka kafa da doka a 2017, yana neman a duba buƙatar unguwarsu. Can masu nema da yawa ne, lokaci kuma kaɗan. In bai iya shimfiɗa maganarsa cikin minti biyar ba, unguwa ce ta yi asara. Don haka aikinka, kai mai awo, shi ne ka gaya masa abin da ya isa kunnen jama'a daga cikin abin da ya so faɗa, ka kuma kafa hujja da abin da ka gani da abin da ka ji.

Mataki na farko: ka san wane jawabi ne tun kafin ranar

Jawabin aikin jagoranci iri biyu ne, kuma ba a auna su da mudu ɗaya. Akwai na farkon aiki, inda mai magana yake neman jama'a su yarda da shirinsa, su ba da hannu ko kuɗi. Akwai na ƙarshen aiki, inda yake ba da rahoton abin da aka yi da abin da ya koya. Ƙungiyar Toastmasters, wadda aka kafa a Amurka a 1924 don horar da mutane magana a gaban jama'a, haka take tsara nata aikin jagorancin: jawabi biyu, ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe, kowanne minti 5 zuwa 7. Tsari ne da ya dace da mu, kuma ba sai mun shiga wata ƙungiya ba kafin mu ari tsawon lokacin.

A jawabin farko tambayarka ita ce: in ni ne mai shago a bakin wannan kwata, na gane abin da ake so in yi ranar Asabar? A na biyu kuwa: na gane abin da ya faru, da rawar da wannan matashi ya taka a ciki?

Ka nemi mai jawabin kwana biyu ko uku kafin taron, ko ta waya ce. Ka tambaye shi wa yake so ya fi jin maganarsa, me yake so mutane su tashi da shi, kuma wane abu ne shi kansa ya san yana ba shi wahala. Wani zai ce maka baki yana masa rawa, wata ta ce sauri take yi. Ka rubuta. Da wannan za ka san inda za ka fi sa ido. In wurin aikin yana kusa, ka bi ta can ka gani. Gani ya kori ji, kuma in ka ga kwatar da idonka ba wanda zai kambama maka ita a kan mumbari.

Mataki na biyu: raba aiki da jawabi, sannan ka shirya takardar awo

Nan ne masu awo da yawa suke tuntuɓe. Yaro ya yi aiki na a zo a gani, ya tashi ya yi kame-kame, amma saboda kowa ya ga aikin sai a cika masa maki. Wani kuma aikinsa bai taka kara ya karya ba, amma Allah ya ba shi baki, sai ya kwashe komai. Dukansu an zalunce su. Na farko an hana shi sanin rauninsa, na biyu an koya masa cewa zaƙin baki yana rufe ramin aiki. In masu shirya taro suna son a auna ingancin aikin kansa, su naɗa wani kwamiti dabam. Kai jawabi aka ba ka.

Ga rabon maki 100 da nake ba da shawara. Bayanin jagoranci ya ɗauki 30, domin shi ne dalilin taron. Hujja da lissafi 20. Tsarin magana 15, harshe 15, murya da tsayuwa 10, amsa tambayoyi 10. Za ka ga murya da tsayuwa sun samu kaɗan, da gangan ne. Su ne suka fi saurin ɗaukar ido, in ba a daure su da ƙaramin kaso ba sai su cinye sauran.

A ƙarƙashin kowane sashe ka rubuta da Hausa mai sauƙi yadda mai rauni yake, da matsakaici, da gwani. Misali a sashen hujja: mai rauni yana cewa "mutane da yawa sun zo", matsakaici yana faɗin adadi, gwani yana faɗin adadi, da inda ya samo shi, da abin da adadin ke nufi. Ka ba masu jawabi kwafin takardar tun da wuri. Ba tarko ake ɗana musu ba, haƙƙinsu ne su san abin da za a duba.

Mataki na uku: wurin zamanka da abin rubutunka

Za su so su zaunar da kai a babban teburi kusa da manyan baƙi. Ka yi godiya, ka nemi izini ka koma tsakiyar jama'a ko can baya, inda tsofaffin mata suke zama, inda ƙarar pragya da aboboya, wato babura masu ƙafa uku na ɗaukar fasinja da na ɗaukar kaya, ke shigowa daga titi. Abin da aka ji a nan shi ne jawabin. In alƙalai uku ne, ɗaya ya zauna gaba, biyu baya.

Ka raba takardarka gida biyu. A dama ka rubuta abin da ya faɗa ko ya yi, da kalmominsa in ka samu, da mintin da ya faɗe shi. A hagu ka rubuta abin da hakan ya jawo a wurin jama'a: an yi tsit, an fara duba waya, wani ya gyaɗa kai. Kada ka ba da maki yana cikin magana. Agogo kuma a ba wani dabam, ya riƙa ɗaga kati: kore a minti 5, ruwan ɗorawa a minti 6, ja a minti 7. In wuta ta ɗauke lasifika ta mutu, a tsayar da agogo, wannan ba laifin mai jawabi ba ne.

Mataki na huɗu: minti na farko da batun gaisuwa

A zango ba a faɗa wa magana haka kawai. Akwai bisimilla da salati, akwai gaida Sarkin Zango ko wakilinsa, da limamai, da sarakunan ƙabilu, da asambiliman, wato wakilin unguwa a majalisar gunduma, da iyaye mata. Wanda ya tsallake wannan ya rasa rabin masu sauraronsa tun bai fara ba, kuma mai awon da ya ɗauki gaisuwa a matsayin ɓata lokaci bai san inda yake zaune ba. Garin nan ma, ko a Manhyia, fadar Sarkin Asante, magana tana da ƙofar da take bi, ta bakin okyeame, wato kakakin sarki, take isa ga sarki, ta bakinsa take dawowa.

Amma gaisuwa tana iya cinye jawabi. In yaro yana da minti 7, ya kashe biyu da rabi wajen jera sunaye da muƙamai, to aikin da ya yi wata uku yana yi zai matse shi cikin abin da ya rage. Mafita biyu ce, masu shirya taro su zaɓi ɗaya tun farko. Ko dai mai gabatarwa ya yi cikakkiyar gaisuwa a madadin kowa, masu jawabi su taƙaita da "iyayena sarakuna da malamai, iyayena mata, 'yan'uwana matasa, assalamu alaikum," ko kuma a ce agogo ba ya fara tafiya sai an gama gaisuwa, amma kada ta wuce rabin minti.

Bayan gaisuwa sai ka kasa kunne ga jimla uku na farko. Cikinsu ya kamata ka ji mene ne aikin, a ina, don wa. Wanda ya fara da ma'anar shugabanci da maganganun manyan duniya, ka duba agogo ka rubuta mintin da ya fara ambaton unguwarsu. Sau da yawa wannan lambar kaɗai ta isa darasi.

Mataki na biyar: neman jagoran a cikin labarin

Wannan shi ne ƙashin bayan awon, a nan zan daɗe.

Yawancin matasa suna ba da labarin aiki ne kamar jerin ranaku: mun yi taro, mun sayi shebur, mun fito, mun gama. Wannan rahoton sakatare ne. Kai kana neman inda mai magana ya yanke shawara, inda ya raba aiki, inda mutane suka ƙi ya shawo kansu ko ya kasa, da inda ya sauya hanya.

Mu ɗauki misalin saurayin da ya jagoranci yashe kwata a wani lungu da ke gangarawa rafin Aboabo. Zai iya cewa: "Alhamdu lillahi mun haɗa kai, mun fito ƙwanmu da kwarkwatarmu, mun share ko'ina fes." Jama'a za su tafa, amma kai ba ka samu abin rubutawa ba. Zai kuma iya cewa: "Asabar ta farko mun kwashe dagwalon mun tara a bakin hanya, ban yi shirin abin da zai ɗauke shi ba. Da daddare aka yi ruwa, duk ya koma ciki. Masu shago suka ce ba za su sake fitowa ba. Sai na bi su ɗaya bayan ɗaya, na fara da Hajiya mai waake domin ita suke ji. Asabar ta biyu ban bari an sa shebur a kwata ba sai da aboboya biyu suka tsaya a bakin lungu." A wannan 'yar magana ka ga matsala, ka ga ya ɗauki laifinta a kansa, ka ga ya san wa ke da faɗa a ji a lungun, ka ga ya sauya tsari. Wannan shi ne mai cin 30 ɗin, ko da muryarsa tana rawa.

Ka lura da yadda yake amfani da "ni" da "mu". Wani komai "na yi, na kawo, na sa," har ka rasa ko akwai wanda ya taya shi. Wannan bai gane cewa jagora da mutane yake aiki ba. Amma a wurinmu matsalar da ta fi yawa ita ce kishiyar wannan. Tarbiyya ta koya wa yaranmu cewa yabon kai jahilci ne, sai su ɓuya a bayan "mu" daga farko har ƙarshe, musamman 'yan mata. Yarinya ce ta roƙi shugaban makaranta aron aji, ita ta shawo kan iyayen da suka fi son 'ya'yansu su tafi talla kasuwar Kejetia da yamma, ita ta tsara wa masu koyarwa ranaku, amma sai ta ce "an samu aji, an yi magana da iyaye." Wa ya samu? Wa ya yi maganar? Ka rubuta irin waɗannan jimloli yadda ta faɗe su, domin za ka buƙace su in ka zo yi mata bayani. Ma'aunin da nake bi shi ne: nasara a ce "mu" a kuma ambaci wanda ya yi me, shawara da kuskure kuwa a ce "ni".

Sai abin da ya koya. In ya ce "na koyi haƙuri da juriya," ka ba shi kaɗan, kowa yana iya faɗin haka ko bai fita daga ɗaki ba. In ya ce "na gane cewa in na tura saƙo a WhatsApp mutum biyar ke zuwa, in na taka na je gida-gida sai a ninka," ka ba shi da yawa. Darasin da aka samo daga aiki yana zuwa da ƙurar aikin a jikinsa.

Abu na ƙarshe a wannan sashe: wa zai riƙe aikin bayan an watse? A Nuwamba 2014 Gana ta ware Asabar ta farkon kowane wata don tsaftar muhalli, bayan annobar kwalara ta wannan shekara, kuma kowa ya ga yadda kwata ke sake cika in ba wanda aka ɗora wa kula da ita. Mai jawabin da ya faɗi wanda ya bar wa shebur da baro, da ranar da za a sake fitowa, ya nuna ya yi tunanin gaba.

Mataki na shida: hujja, musamman ta kuɗi

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In an tara kuɗin jama'a, jawabin da bai taɓa lissafi ba yana da giɓi, komai daɗinsa. Ba a ce ya karanto kowane rasit ba. Abu uku ake so: nawa ya shigo, ta wace hanya, nawa ya fita a kan me, nawa ya rage kuma yana hannun wa. Yana faɗa kana tarawa a gefen takarda. A ce ya ambaci an samu sidi 1,800 ta MoMo (tura kuɗi ta waya) da hannu, an kashe 700 a kayan aiki, 600 a kwasar shara, ya ce saura 300. Lissafinka zai nuna 500 ya kamata ya rage. Kada ka ɗauka sata ce, galibi mantuwa ce ko ruɗewa, amma ka sa alama, domin in kai ka lura to wani a cikin taron ma ya lura, kuma shi ba zai yi masa uzuri ba.

Hotunan kafin aiki da na bayansa hujja ce mai ƙarfi in an ɗauke su daga wuri ɗaya. Ka duba ko na baya suna ganinsu. Hoton da ke cikin waya a hannun mai magana, layin gaba kaɗai ya amfana.

Mataki na bakwai: harshe

Masu sauraro a zangon Kumasi ba Hausawa kaɗai ba ne. Akwai Dagomba da Mosi da Zabarmawa da Wangarawa da Fulani da Kotokoli da Gonja, Hausa ce ta haɗa su, ga Twi, harshen Asante, a kasuwa, ga Turanci a makaranta. Saboda haka kada ka auna yaron Aboabo da Hausar Kano. In ya ce "yarinya ya zo," haka Hausar Gana take, ba ta raba namiji da mace a irin wannan wuri, kuma duk wanda ke rumfar ya gane shi. Rage masa maki a kan wannan zalunci ne, yana kuma sa yara su guje wa Hausa su koma Turancin da bai zauna musu ba.

Abin da za ka auna shi ne ko ya zaɓi harshen da mutanen da ya ce yana nufi suke ji, da kuma yadda yake sauyawa. Wanda ya faɗi adadin kuɗi da Turanci sannan ya maimaita da Hausa don iyaye mata, gwani ne. Wanda ya jefa karin magana da Twi saboda maƙwabta Asante da aka gayyato, ya san taronsa. Wanda kuwa duk lokacin da ya zo kan muhimmin batu sai ya tsere cikin manyan kalmomin Turanci, ya bar tsofaffin da suka ba da kuɗin suna kallon juna, wannan ka rage masa, ka kuma rubuta kalmomin. Aya ko hadisi in ya kawo, ka duba ko ya faɗe su daidai kuma sun hau kan batun. In kana shakka, ka tambayi malami bayan taro kafin ka ce komai.

Mataki na takwas: murya da tsayuwa

Littattafan koyon jawabi na Turawa suna nanata kallon mutane ido cikin ido. A wurinmu yarinyar da ta sunkuyar da kai gaban limami ladabi ta yi, ba tsoro ba ne. Kada ka hukunta ta da ma'aunin wani gari. Abin da za ka duba shi ne ko fuskarta tana barin takarda, ko tana juyawa ɓangaren maza da na mata duka, ko kuwa babban teburi kaɗai take yi wa magana ta juya wa sauran baya.

A murya, ka saurari ƙarshen jimla, nan ne take yawan nutsewa. Ka lura da riƙon makirfo: wasu suna manna shi a baki har magana ta dagule, wasu suna nuni da hannun da ke riƙe da shi sai sauti ya riƙa zuwa yana tafiya. Ka lura ko yana tsayawa ya numfasa bayan muhimmiyar magana. Kalmomin cike gurbi irin su "wato," "ka gane," "to," ka ƙirga su na minti ɗaya kawai a tsakiyar jawabin, ya isa ka ba shi misali. Akwai kuma masu kwaikwayon salon wa'azi, su ɗaga murya tun daga farko har ƙarshe. Wa'azi da rahoton aiki kowanne da muryarsa, kuma ihu ba ya ƙara wa hujja nauyi.

Mataki na tara: tambayoyi da haɗa maki

A ware minti 2 ko 3 na tambaya. Nan ake gane wanda ya yi aikin da wanda aka rubuta wa. Tambaya ɗaya mai kyau ta isa: "Da za ka sake daga farko, me za ka fara sauyawa?" ko "Wa ya fi ba ka wahala, kuma yaya kuka ƙare?" Ka duba ko ya saurara har ƙarshe, ko abin da aka tambaya ya amsa. Wanda ya ce "ban sani ba, amma ma'ajinmu yana nan, zai faɗa" ya fi wanda ya ƙirƙiro amsa nan take.

Da ya zauna, kowane alƙali ya cika takardarsa shi kaɗai, ba shawara, ba leƙe. In an fara tattaunawa kafin rubutu, ra'ayin babba a cikinku shi zai rinjayi kowa, domin ba mai son musu da dattijo. Bayan an rubuta, in tazarar alƙalai biyu a sashe ɗaya ta yi yawa, kowa ya karanto hujjarsa daga takarda. In ku biyar ne, a jefar da maki mafi sama da mafi ƙasa a raba sauran. Wanda ɗansa ko ɗalibinsa ko ɗan ƙungiyarsu zai yi magana, ya faɗa tun farko ya janye daga wannan zagayen. Zango ƙarami ne, kowa ya san kowa, in bai faɗa ba za a faɗa masa a majalisar shayi. Ka kuma koma kan takardar wanda ya fara magana bayan ka ji mutum uku, domin na farko yakan sha tsanani ko sassauci fiye da kima.

Mataki na goma: yadda za ka gaya masa

Duk wahalar da ka sha a baya, a nan take amfani ko ta lalace. Magana zarar bunu ce, kuma matashin da aka kunyata gaban iyayensa da wuya ya sake riƙe makirfo.

Ka raba bayaninka biyu. Na bainar jama'a kada ya wuce minti 3: abu biyu da ya yi daidai, abu ɗaya da zai gyara, kowanne da misali daga bakinsa. Ga yadda za ka iya yi wa yarinyar karatun yamma:

"'Yata, sannu da aiki. Lokacin da kika ba da labarin uwar da ta ce in yarinyarta ta zauna karatu wa zai sayar mata da ƙosai, kika ce kun mayar da darasin bayan Magariba saboda irinta, na duba na ga iyaye mata sun daina hira sun juyo. Wannan shi ne ƙarfin jawabinki. Lissafinki ma ya fita, na tara ya yi daidai. Abu ɗaya nake so ki gyara. Kin ce 'an samu aji, an shawo kan iyaye.' Ni na san ke kika je, amma na bayan rumfa bai sani ba. Nan gaba ki ce 'na je wurin shugaban makaranta, ya ce a'a, na koma da wasiƙar limami.' Faɗin abin da ya faru ba fahariya ba ne, ƙannenki da ke zaune a nan suna buƙatar su ji yadda ake yi."

Ka lura ba a ce "kin burge" ko "ba ki da ƙarfin hali" ba. Hali ba ya gyaruwa cikin mako guda, jimla kuwa tana gyaruwa. Ka guji "amma" bayan yabo, domin da an ji ta ake manta abin da ya gabata. Ka tsaya, ka numfasa, ka shiga gyaran a matsayin magana mai zaman kanta.

Abin da ya shafi giɓin kuɗi, ko kuskuren aya, ko wata magana da ta taɓa mutuncin wani, wannan na keɓe ne. Ka ja shi gefe bayan taro, ko ka same shi washegari. In mai jawabin ya girme ka, ka ce, "Baba, in ka ba ni izini, akwai abu ɗaya da na lura," ka kuma yi shi ba a gaban yara ba. In mace ce kai namiji, ka nemi malamarsu ko wata babba ta zauna tare da ku.

Ka miƙa masa takardarka ta rubutu, ba makin kaɗai ba. In ya yarda, a sa wani ya ɗauki jawabin da waya, ya kalla shi kaɗai yana duba mintocin da ka rubuta. Kada a saka bidiyon a Facebook ko a zauren WhatsApp sai da izininsa, in yaro ne ƙarami kuma da izinin iyayensa.

In jawabin farkon aiki ne ka auna, ka ajiye kwafin takardar, ka roƙi masu shirya taro su sake ba ka shi a jawabin ƙarshe. Ranar, kafin ya tashi, ka tuna masa abu ɗayan nan da kuka ce zai gyara, kuma shi za ka fara dubawa. In ya gyaru ka faɗa a gaban jama'a, da misalin yadda ya faɗa a da da yadda ya faɗa yanzu, sannan ka ɗauko abu na gaba daga cikin waɗanda ka rubuta ba ka ambata ba a karon farko.